Amsoshin Tambayoyinku: Yawon Buɗe Ido A Birnin Fulorans

Toh jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa, lokaci ya ɗan ƙure mana yau don haka kai tsaye za mu buɗe saƙonni. Duk kan Italiya ne, birnin Fulorans da ke yankin Toskana, kuma muna tare da baƙonmu malamin tarihi.

Wani daga Zariya na tambayar nisan Fulorans daga Roma. A jirgin ƙasa mai gudu kamar awa ɗaya da rabi ne.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce ita hasumiyar nan da ta karkace kawai take son gani. Haba Hajiya, ki biya kuɗin biza da na jirgi don hoto ɗaya? Tana garin Pisa, wajen awa ɗaya a jirgin ƙasa, a 1173 aka fara gininta, rabin yini ya ishe ki.

Sai tambayar da ta fi yawa, daga Kano, daga Kumasi, har daga Garwa: shin Musulmi zai ji daɗin garin kuwa, abinci fa, sallah fa, kuma an ce gumaka tsirara sun cika ko'ina. Malam bismillah.

"To ai kafin a zo nan sai an san su waye Medici. Masu banki ne, su suka zuba dukiya a kan masu zane da magina. Ka dubi ƙubbar babban cocin, magini Brunelleschi ya fara ta 1420 ya gama 1436, da bulo, ba tare da an kafa katakon da zai tallafe ta tun daga ƙasa ba, har gobe magina na jinjina masa. Matakala 463 za ka taka kafin ka kai sama. Sannan gadar Ponte Vecchio ta 1345, da mahauta ne a kanta, a 1593 aka tashe su saboda wari aka zuba maƙeran zinariya..."

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma abinci suka tambaya! Bari in karɓa. Gaskiya naman alade na da yawa a abincinsu, har a cikin burodin da ake tsagawa a sa nama, kuma suna zuba giya a wasu miyar. Ku riƙe wannan, ku ce "senza maiale", wato ban da alade. In sake faɗa, senza maiale. Kifi akwai, taliya da tumatir akwai, akwai ribollita, miyar wake da kabeji da burodi, amma dai a tambaya kafin a ci, kuma wajen tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella ba a rasa shagunan halal. Sallah kuwa ka tafi da dardumarka, matafiyi ne kai kana da sauƙin ƙasaru, akwai ma masallaci a garin Colle di Val d'Elsa a hanyar birnin Siyena.

Maganar mutum-mutumi ba zan ɓoye muku ba, gaskiya ce. Shahararren mutum-mutumin David da masassaƙi Michelangelo ya gama a 1504, tsayinsa ya haura mita 5, ba ko ƙyalle a jikinsa, kuma akwai kwafinsa a tsaye a dandalin Signoria, gidan zane na Uffizi ma akwai irinsu. Ni a ra'ayina wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kada ya takura kansa, gine-gine da kogin Arno kaɗai sun isa kallo. Wanda zai shiga kuma ya sayi tikiti ta intanet tun da wuri, Uffizi ba ya buɗewa ran Litinin. Na maimaita, Litinin a rufe yake, kada ka je ka tsaya a bakin ƙofa kana jin haushinmu.

Wani matashi daga Damagaram ya ce da gaske ana sukuwa a tsakiyar gari? Da gaske ne ɗana, a Siyena, Palio suke ce mata, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, unguwanni 17 ne amma dawaki 10 ke gudu, ba sirdi, cikar jama'a sai ka ce hawan sallah.

Na ƙarshe, mai tambaya kan garin San Gimignano, da hasumiya 72 gare shi yanzu saura 14, ba tashar jirgi a garin, sai ka sauka Poggibonsi ka hau bas. Masu tambaya kan garin Luka ku yi haƙuri injiniya na ta ɗaga min hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.