Amsoshin Tambayoyinku: Yaro ya tashi daga ciwon gwiwa, minti nawa za a ba shi a fili?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, ga mu kuma a filin amsoshin tambayoyinku na wasanni daga nan Gombe. Yau saƙonnin kusan duk a kan ƙwallon kwando suka taru, to bari mu fara da wanda ya fi tsawo.

Wani koci ne daga Pantami ya rubuto, yace yana da ƙungiyar matasa, yaron da ya fi kowa jefa musu ƙwallo a kwando ya tsinke jijiyar nan ta cikin gwiwa da likitoci ke ce wa ACL, an yi masa aiki wata goma kenan, likita yace zai iya komawa wasa amma a bi a hankali. Yanzu ga gasa ta matso, yaro na rantsuwa shi garau yake a bar shi ya buga minti 40 ɗinsa, masu ba su kuɗin mota kuma suna cewa in ba shi a fili gara ma kar a je. Yace shi dai a gaya masa minti nawa zai ba shi.

Toh malam koci, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Lambar nan da kake nema ba a bakina take ba, ba kuma a bakin yaron take ba, ka koma wajen likitan da ya yi aikin da wanda ya yi masa gashin ƙafar ku zauna, su gwada ƙarfin ƙafar da ta ji ciwo su haɗa da lafiyayyar, yawanci ana so ta kai kamar kashi 90 cikin ɗari na 'yar'uwarta, sannan a rubuta mintocin a takarda tun kafin ranar wasa. Me ya sa nace a rubuta? Saboda in aka shiga kwata ta huɗu ana binku maki uku, fili ya ɗau ihu, wallahi ba kocin da kansa ke aiki daidai a wannan lokacin, kai ma zaka ce bari ya ƙara minti biyu kawai, kafin ka ankara minti biyun nan sun zama goma. Ka samu mutum ɗaya a benci ka ba shi agogo da biro, aikinsa kenan, lokaci na cika ya taɓa kafaɗarka, kai kuma ka yi masa alƙawari tun a gida ba za ka yi masa gardama ba.

In kana son ma'auni, ka dubi Klay Thompson na ƙungiyar Golden State a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. ACL ɗinsa ta tsinke a watan Yunin 2019, yana shirin dawowa kuma agara ta tsinke a Nuwamban 2020, sai a Janairun 2022 ya sake taka fili, kuma daren da ya dawo minti 20 ya buga a wasan da ke da minti 48. Mu nan dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke bi, kwata huɗu minti goma goma, kaga in ka yi lissafi bai kai minti 17 ba a namu. Mutumin da ke da likitoci kamar ƙasa kenan fa, yana wasa a kan katako mai laushi, ba simintin da yaranmu ke dira a kai ba. Kuma a shekarar dai suka ɗau kofi da shi.

Sai yadda zaka raba mintocin, nan ne mutane ke kuskure. Ƙwallon kwando ta fi ta ƙafa sauƙi a nan, don zaka iya cire ɗan wasa ka maido shi sau nawa kake so, to ka yanka masa gunduwa gunduwa, minti huɗu ko biyar ya fito, kar ka haɗa masa sha biyar a jere ka ce ai lambar ta yi daidai. Gajiya ce ke ɓata dirar mutum, in cinya ta gaji sai ka ga yana sauka gwiwa na lanƙwasawa ciki, daga nan tsautsayi ke shigowa. Kuma in ya fito kar ya zauna ya sandare a benci rabin awa sannan ka tura shi da sanyin jiki, ya riƙa motsawa a gefe. In kana so ya rufe maka wasa, ka rage masa a farko, kar ka cinye kasonsa tun kafin hutun rabin lokaci sannan ka zo kana cin bashi.

Amma ni abin da na fi yarda da shi washegari da safe ne. Yaro zai iya yi maka ƙarya, gwiwa ba ta yi. Ka ari tef ɗin tela ka auna kewayen gwiwar a wuri ɗaya kafin wasa, da safe ka sake aunawa, ka sa shi ya tsuguna, ya hau matakala ya sauko kana kallo. In ta kumbura, ko ta yi tauri, ko kaga yana ɓoye ɗingishi, to jiya an yi mata yawa, a koma baya a sanar da likita. In lafiya lau ta kwana har wasa biyu uku, sai a ƙara kaɗan. Gasanninmu kuma kun san yadda suke, a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya a yi ta bugawa kusan kullum, to kar ya buga kwana biyu a jere ko da kuwa da Bauchi za ku kara. Haka 'yan ƙungiyar Toronto ta NBA suka yi da Kawhi Leonard, wanda wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabace ta saboda ciwon cinya, suka bar shi ya buga 60 cikin 82, ba sa sa shi dare biyu a jere, da aka zo wasannin ƙarshe na neman kofi ya buga duka 24 suka ɗau kofin 2019. Shugaban ƙungiyar a lokacin ma namu ne, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. Ka ba masu kuɗin motar nan wannan labarin, ko sa bar ka ka sha ruwa.

Saƙo na biyu daga wani matashi ne a Yelwa ta Bauchi, shi da zafinsa ya zo, yace duk wannan ƙirga minti ragwanci ne, ai Michael Jordan ya karye a ƙafa ya dawo ya ci maki 63, me aka yi aka yi gwiwa.

Ƙanena labarinka gaskiya ne amma ka gutsure shi. Jordan ya karye a wasa na uku na kakar 1985 zuwa 1986, ya yi zaman wasa 64, da ya dawo a watan Maris shi ma ƙirga masa minti aka yi, ya yi ta faɗa da shugabannin ƙungiyarsa ta Chicago a kai amma aka ƙirga ɗin. Maki 63 ɗin a watan Afrilu ne da Boston, kuma Boston ɗin ce ta ci wasan. Sannan shi ƙashi ne, yana ɗan shekara 23 da ya dawo, ƙashi in ya haɗe hoto na nunawa, jijiyar da aka dasa kuwa tana ɗaukar watanni tana nuna a ciki alhali mutum na jin kansa daidai. Tunda kana son labari ga na Kevin Durant, ya yi kamar wata guda yana jinyar sharaɓa, ana bin ƙungiyarsa 3 da 1 a fainal ɗin 2019, ya dawo a wasa na biyar, minti 12 ya yi agara ta tsinke, kaka guda cur bai buga ba. Har yau ana musu ko ciwon farko ne ya jawo na biyu, ni ba zan yanke ba. Ga Derrick Rose kuma, gwarzon NBA na 2011, ya sha ƙananan raunuka a kakar 2012, a wani wasa saura ƙasa da minti biyu a tashi suna gaba da maki 12 amma yana cikin fili, nan ACL ta tafi. Wannan kam ko lafiyayye ne me yake yi a fili an riga an ci wasa?

Wata Hajiya daga Kumo tace ɗanta ya diro daga tsalle gwiwa ta yi ƙara ta kumbura, an kai shi wajen mai ɗori yace targaɗe ne, kumburi ya saɓe amma in ya juya da sauri sai ƙafar ta zame masa, kuma kocinsu na ta aiko a turo shi. Hajiya don Allah kar ki bari ya koma. Ƙarar nan da kumburin nan take da zamewar ƙafa alamu ne na jijiya, ɗori ba ya kai wa can, hoton ƙashi ma ba ya nuna ta sai irin na na'urar MRI mai nuna jijiya. Ki kawo shi sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe a duba, don duk zamewa ɗaya tana iya yaga guringuntsin cikin gwiwar, aiki ɗaya ya koma biyu. Kocin kuma ki ce masa ni nace ya yi haƙuri.

Akwai wanda ya tambaya wai in ana hutar da manyan 'yan wasa haka ba a cuci mai sayen tikiti ba? An ɗan cuce shi mana, shi ya sa tun kakar 2023 NBA tace sai ka buga wasa 65 kafin a sa ka a layin manyan kyaututtuka. Amma wannan rigimar masu miliyoyin dala ce, yaron Pantami in gwiwa ta sake tafiya iyayensa ne za su sayar da akuya.

Lokaci ya ƙure mana, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam koci, in kun buga wasan farko ka rubuto mana minti nawa ya yi, da abin da tef ɗin tela ya nuna da safe.