Jawabin Maraba ga Shugaban Kwamitin Shari'a na Majalisar Dokokin Jiha

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma babban baƙonmu, shugaban kwamitin shari'a na majalisar dokokin jiharmu, da 'yan tawagarsa. Mai girma hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata, ƙannena da 'ya'yana: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin wannan ƙungiya tamu ta iyaye mata masu sulhunta ma'aurata, ina yi maka maraba, lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da ƙura. Mun san aikin da ka bari a majalisa, mun kuma san da ka so da wakili ka turo mana, ba wanda zai ga laifinka. Amma ka tako da kanka, kuma zumunta a ƙafa take. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Waɗannan matan da ka gani a kan tabarmi, mafi yawansu sun san saki a jikinsu. Akwai wadda aka saka, akwai wadda aka sako wa 'ya, akwai wadda jikoki suka cika mata ɗaki saboda auren iyayensu ya mutu. Don haka idan ka ji mun ce ba mu yarda da gyaran dokar saki yadda aka kawo shi ba, kada a ɗauka cewa mutuwar aure ba ta dame mu ba. Mu ne ake ƙwanƙwasa wa ƙofa bayan isha'i, a ce ga wance can an ɗaura mata kaya a a-daidaita-sahu, ga goyo a baya, ga takarda a hannu da aka yago daga littafin makarantar ɗanta, layi biyu kawai a jiki. Mu ne ke zuwa biko, mu ne ke ba da haƙuri, mu ne ke raka yarinya kotu. Duk wanda ya ce a yi wa saki linzami, mun fahimci zafin da ya sa shi faɗa, kuma ba mu zargi niyyar kowa a majalisa ba.

Abin da ya tayar mana da hankali wurare biyu ne a cikin daftarin da ke gaban kwamitinku: inda aka ce saki ba zai zama saki ba sai a gaban alƙali, da inda aka ɗora tara ko ɗauri a kan mijin da ya saki ba tare da dalilin da kotu ta gamsu da shi ba.

Na fara da maganar tarar, domin ita ce ta fi yi wa mutane daɗin ji, har wasu daga cikinmu sun yi guɗa ranar da suka fara jin ta a rediyo. Ranka ya daɗe, namijin da ya gaji da mace, ya kuma san in ya furta saki zai biya kuɗi ko ya kwana gidan yari, ba zama zai gyara ba. Bakinsa zai kama. Zai daina cefane, ya ƙaurace wa ɗakinta, ya ce “ki je gida sai na neme ki”, ya yi wata shida bai leƙa ba. In iyaye suka aika, ya ce shi bai saki kowa ba, matarsa ce, yana sonta. In ta gaji ta kai ƙara, ya tsaya gaban alƙali ya ce “Allah ya gafarta Malam, ni ban gaji ba, in ita ta gaji ta biya ni.” Shi ke nan magana ta koma hul'i. Ita da aka cuta ita ce za ta nemo sadaki ta mayar, wani ma ya ƙirga har lefe da kuɗin gaisuwa. Mun ga uwa ta sayar da akuyarta da keken ɗinkinta don ta fanso 'yarta daga hannun mutumin da shi ne ya fara gajiya. Wannan yana faruwa yanzu, tun babu tara. Ranar da aka sa tara, kusan kowane saki haka zai koma, domin an nuna wa namiji hanyar da zai fita ba tare da ya taɓa aljihunsa ba.

Allah ya riga ya ja kunne a kan wannan hali a cikin suratun Nisa'i, aya ta 129, inda ya hana a bar mace kamar ratayayya, ba ta da miji ba ta kuma zama bazawara ba. A iya zamanmu na sulhu, matar da aka saka saki bayyananne ta fi ratayayya sauƙin rayuwa nesa ba kusa ba. Ta san matsayinta, ta ƙirga iddarta, ta kama sana'a, in Allah ya kawo wani ta yi aure. Ratayayya kuwa shekarunta tafiya suke yi tana zaune a ɗakin uwarta, ba mai iya ce mata yana so.

Ɗauri ma haka. A shekarar 2019 ƙasar Indiya ta yi dokar da ta mayar da saki uku a lokaci ɗaya laifi, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 3. Tambayar da mutane da yawa suka yi a can, har da mata masu fafutukar haƙƙin mata, ita ce tamu a nan: in an kulle uban yara, wa zai auno hatsi, wa zai biya kuɗin makaranta? Kuma wace mace ce za ta koma gidan mutumin da dangi ke cewa ita ta ɗaure shi?

Sai maganar cewa saki ba ya aukuwa sai a kotu. A nan malamai na zaune, su ne masu fatawa, ni dai ɗalibarsu ce. Abin da muka karanta a Risala da sauran littattafan mazhabar Malikiyya shi ne, miji mai hankali, baligi, in ya furta saki ya auku. To a ce mutum ya furta a tsakar gida, gaban uwarsa da maƙwabta. A wurin Allah da wurin limamin unguwa, matar nan ta saku, idda ta hau kanta. A takardar gwamnati kuwa tana nan matarsa. Ta gama idda, wani ya fito, waliyyi ya ɗaura, sai tsohon miji ya tashi da sammaci ya ce an aure masa mata. Ko kuma ya rasu a tsakani, a zo rabon gado, kishiya ta ce an sake ta, ita ta ce ina takardar kotu. In ta haihu a gidan na biyu, ɗan wa za a rubuta? Wannan rikici ba a kan masu rubuta doka zai faɗa ba, a kan mace da ɗanta zai faɗa.

Ba mu ne farkon waɗanda aka kawo wa wannan shawara ba. A farkon 2017 shugaban Masar, Abdul Fattah al-Sisi, ya nemi a daina ƙirga sakin baki sai wanda aka yi a gaban jami'in ɗaurin aure. Majalisar manyan malaman Azhar ta zauna, ta ce sakin baki da ya cika sharuɗɗa yana aukuwa, amma wajibi ne miji ya gaggauta rubuta shi a hukumance don kare haƙƙin matar da 'ya'ya, kuma hukuma na iya hukunta wanda ya ƙi. Za a ce mana ai Maroko ta mayar da saki ƙarƙashin izinin kotu tun 2004. Gaskiya ne. Amma sun ware sassan shari'ar iyali a kotunansu, kuma kafin a ba miji izini sai ya ajiye wa kotu haƙƙin matar da na yara cikin kwana 30. Mu a nan, ranka ya daɗe, ka san yadda kotunanmu na shari'ar Musulunci suke: alƙali ɗaya, ƙararraki jibge, gado da filaye da bashi duk a kansa. Matar ƙauye sai ta biya kuɗin mota, ta biya na sammaci, ta zauna a benci tun safe da jariri, azahar ta yi a ce an ɗage zama domin miji bai zo ba. In aka ce kowane saki a jihar nan sai ya bi ta wannan ƙofa, matan da ke jiran a raba su da mai dukansu za su koma ƙarshen layi.

Kada a ce mun zo da “a'a” kawai. Dokar da muke roƙo, wadda za mu bi gida-gida mu tallata muku, ita ce wadda za ta bar saki yadda shari'a ta bar shi, ta tsaya a kan abin da ke biyo bayansa, domin nan ne ake cin amanar mata. Suratuɗ Ɗalaƙ, tun daga ayar farko, ta ce kada a fitar da su daga gidajensu. Yau a garin nan mace nawa ce ke yin idda a ɗakin mijinta? Ciyarwar idda ta saki na kome, ciyar da mai ciki har ta haihu, ladan shayarwa, duk suna cikin littafi, amma sai mai ƙarfin hali da dangi masu tsayawa ke samu. Renon yara a mazhabarmu na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, matuƙar babu abin da ya kayar da haƙƙin, kuma ciyar da su na kan uba. Abin da muke gani shi ne a ƙwace yaro daga yaye a kai wa kishiya, ko a bar mata su biyar ba ko ƙwayar masara. A wajabta wa miji kai takardar saki rajista cikin 'yan kwanaki, wurin mai unguwa ko kotu mafi kusa, a ba matar kwafinta, wanda ya ƙi a hukunta shi a kan ƙin. A ba alƙali ikon cire kuɗin ciyar da yara daga albashin ma'aikaci kai tsaye. Kyautar sallama da Alƙur'ani ya ambata a Baƙara, aya ta 241, a wurin malamanmu mustahabbi ce, ba a tilasta ta. Muna roƙon kwamitinka ya zaunar da su a duba ko halin da ake ciki ya kai hukuma ta tsaya a kanta.

Akwai kuma abin da mata da yawa ba su sani ba, wasu lokutan ma ba a gaya musu a kotu. Malikiyya ta ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa ba tare da mace ta biya ko kwabo ba, kuma Tuhfa, littafin hukunce-hukuncen alƙalai na mazhabar, ta ce cutarwa na tabbata da shaidu ko da labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta. A rubuta wannan ɓaro-ɓaro a cikin doka, a hana mayar da ƙarar cuta ta zama hul'i. Sulhun mutum biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, wanda aya ta 35 ta Nisa'i ta yi umarni da shi, a ba shi gurbi da wa'adi, kada ya zama hanyar jan ƙafa.

Mun ga majalisa na iya yin dokar aure jama'a su karɓa in an bi ta hannun malamai da iyaye. Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Mun kuma tuna ƙurar da ta tashi a 2017 lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi II ya ɗago maganar dokar iyali, yadda batun ƙarin aure ya cinye sauran abubuwan da mata ke jira. Muna tsoron kada waɗannan sassa biyu su jawo wa daftarinku irin wannan, a yi watsi da shi gaba ɗaya har da alherin da ke ciki.

Ranka ya daɗe, ƙuduri in ya wuce karatu na biyu hannun kwamiti yake faɗawa, kuma a nan ne ake cirewa a ƙara. Alƙalamin yana hannunka. Roƙonmu a cire sashen tara da ɗauri, a cire sharaɗin kotu, a maye gurbinsu da rajista da tilasta haƙƙoƙi. Idan za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a sanar a rediyo da Hausa tun da wuri, a ba mata lokacinsu daban, domin akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa gaban surukinta ba. Mun riga mun raba kanmu, kowace mazaɓa akwai matan da za su je gaida ɗan majalisarsu da wannan saƙo, cikin ladabi, kamar yadda muka kawo maka. Muna roƙon ka yi mana iso wurin mai girma kakakin majalisa, ka kuma isar da gaisuwarmu ga abokan aikinka.

Ga takardar bayaninmu a rubuce, da sa hannun shugabanninmu na unguwanni, sakatariyarmu za ta miƙa maka yanzu. Bayan jawabinka akwai mata uku da suka yarda su faɗi abin da ya same su da bakinsu, mun roƙi 'yan jarida su kashe na'urorinsu a lokacin. An kuma tanadi ɗan abin taɓawa a ciki, kada a tashi ba a sa albarka ba.

Allah ya yi maka jagora, ya mayar da kai gida lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya. Ranka ya daɗe, bismillah, fili naka ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.