Ciwon haƙori ba dare ɗaya yake farawa ba

Salamu alaikum, jama'ar Damagaram. Bari in ba ku labarin wani haƙori. Turmi ne na yaro ɗan shekara 7. Baƙin ɗigon da ke tsakiyarsa ya yi watanni a wurin, ba wanda ya kula, tunda yaron bai taɓa cewa wayyo ba. Ranar da zai ce, tsakar dare ne, kumatu a kumbure, kowa a gidan ido biyu.

Mun taso muna jin cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu wata tsutsa. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin nan mai danƙo da ke mannewa a gindin haƙora. Abincinsu sukari. In sun ci, sai su fitar da ruwa mai tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙori. Miyau ne ke wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma sai an ba shi lokaci, kamar rabin awa ko fiye.

To nan gizo ke saƙa. Ku ɗauki matashin da ke zaune a fada, wato majalisar hirar samari, a unguwar Birni ko Zango ko Garin Malam. An ɗora shayi, an sha na fari, an sha na biyu, an sha na uku, kowanne sukari har ya yi kauri, hira kuma ta kai sha biyun dare. Bakinsa bai huta daga tsami ba tun magariba. Haka yaron da ake ba dala biyar da safe, da rana, da yamma, yana sayen alewa ɗaya-ɗaya yana tsotsa. Da ya shanye su gaba ɗaya bayan cin tuwo, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Yawan lokutan da sukari ke shiga baki shi ya fi cin haƙori. Ba mu ce a bar shayi ba, wa zai saurare mu? A rage sukarin, a kurkure baki da ruwa bayan kofin ƙarshe.

Goge baki sau 2 ne a yini, minti 2 kowane karo. Na dare shi ne babba, saboda miyau yana raguwa in mutum ya yi barci, abin da ya maƙale kuma sai ya kwana yana aiki. Ku duba jikin man goge baki ku tabbata yana da sinadarin fuloraid, shi ke ƙara wa ɓawon haƙori ƙarfi. Yaron da bai kai shekara 3 ba, a sa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. An gama, a tofar, kada a bi da kurkura, a bar man ya zauna. A garin da muka san darajar bokitin ruwa, wannan ma sauƙi ne. Burushi kuwa kowa da nasa, mai laushi, a sake shi bayan wata 3.

Asuwaki fa? Sunna ce, kuma yana aiki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Sai dai a kai shi lungu, bayan haƙora da kan turame, a yanke bakinsa in ya tsufa. Rataye shi a baki ana yawo da shi cikin Kasuwar Dole bai goge komai ba. Gawayi da toka su ne ban yarda da su ba: suna fitar da jan goro, suna kuma kankare ɓawon, shi kuwa in ya tafi ba ya dawowa.

Iyaye mata, ga taku. Haƙoran nono 20 ne, na manya 32. Kada a ce ai za a yi famfara, a bar su su ruɓe. Su ke riƙe wa na manya wuri. Wajen shekara 6 turmin farko na dindindin yake fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa ake ɗaukarsa na nono. Shi ne wanda na ba ku labarinsa a farko. Kuma in jariri na zawo ko zazzaɓi mai zafi, kada a ce haƙori ne a zauna. A kai shi likita.

In ciwo ya riga ya zo, kanumfari na iya lafar da zogi, amma ba ya toshe kogo. Kada a danna ƙwayar aspirin a kan dasashi, ƙona shi take yi. Kogon da aka kai wa likitan haƙori da wuri cike shi ake yi, ba sai an cire ba.

Saura abu guda da ya fi duk waɗannan nauyi: cutar noma, ba noman gona ba. Tana kama yara, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin sauro ya raunana. Da kumburin dasashi take farawa, da jini da warin baki, cikin ƴan kwanaki ta ci kunci ta huda fuska. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an tare ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Saboda haka yaron da ya tashi daga ciwo, ɗaga leɓensa ki duba. Kika ga jini, ko kika ji wari, ko kunci ya fara tasowa, ki goya shi a ranar, ki nufi gidan likita mafi kusa ko babban asibitin Zinder.