Amsoshin Tambayoyinku: Idan Tsakar Kiwo Ta Daina Cin Abinci

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Legas. Lokacinmu na yau ƙanƙane ne, wasiƙu kuwa sun taru, kuma kusan dukkansu a kan tsaka suke, wadda wasu gidaje a wannan birni suka fara kiwo a akwatin gilashi. Muna tare da likitan dabbobi. Likita, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Wani bawan Allah daga Mile 12 yana tambaya ko gaskiya ne tsaka tana da dafi, har idan ta faɗa cikin miya sai a mutu.

Likita: Tsaka ba ta da dafi kuma ba ta sa kuturta, amma kashinta yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai jawo gudawa da zazzaɓi, don haka a zubar da abincin da ta faɗa ciki, duk wanda ya taɓa ta kuma ya wanke hannu da sabulu.

Mai gabatarwa: Wani malami daga Agege ya tunatar da mu hadisin da ya zo a kan kashe tsaka, yana neman hukuncin kiwonta. Allah ya gafarta Malam, hadisin sananne ne, mun kuma miƙa tambayar ga filin malamai, domin su ne masu wannan fage.

Yanzu ga wasiƙar da za mu daɗe a kanta. Wata Hajiya daga Idi-Araba ta ce kawun ɗanta ne ya ba shi kyautar tsaka mai ɗigo-ɗigo irin na damisa. Yau kwana 12 ke nan ko ƙwaro ɗaya ba ta ci ba. Akwatin yana ɗakin yaron inda na'urar sanyaya ɗaki take kwana a kunne, an shimfiɗa mata yashi, kuma da Hajiya ta ga yaron yana kuka sai ta buɗe bakin tsakar da tsinke ta ɗiga mata madara. Akwai makamanciyar wannan daga wani maigadi a Lekki, wanda maigidansa ya yi tafiya ya bar masa amanar irin wannan dabba, ga shi yanzu tsoro ya hana shi barci. Hajiya, tausayin uwa ne ya sa ki, mun sani, amma jaririyar da kika samu ba ta shan madara. Likita, kwana nawa za ta iya yi ba ta ci ba?

Likita: To, Malam, sai mun fara sanin wace iri ce. Mai zanen damisa asalinta ƙasashe ne masu duwatsu da ƙarancin ruwa, wato Afganistan da Pakistan da Iran da arewa maso yammacin Indiya. Tana da 'yar'uwa a nan Afirka ta Yamma, daga Senegal har Kamaru, mai kaurin wutsiya, wadda ake samu a dazukanmu na arewa tana ɓuya a rami ko ƙarƙashin dutse da rana. Dukkansu biyu sun bambanta da tsakar bango, domin suna da fatar ido da suke rufewa, kuma ba sa iya hawa gilashi. Mai kaurin wutsiyar ta ɗan fi 'yar'uwarta son danshi, ita kuwa mai zanen damisa idan ta samu kulawa tana kai shekara 15 zuwa 20, kun ga wannan yaro zai iya yin aure tana nan da ranta.

Mai gabatarwa: Allah ya nuna mana. Amma Likita, Hajiya kwanaki take ƙirgawa.

Likita: Ta daina ƙirga kwanaki ta dubi wutsiya. Wutsiyar wannan dabba ita ce rumbunta, a nan take tara kitse. Idan babba ce, wutsiyar kuma tana nan da kauri kamar wuyanta ko fiye, idonta a buɗe tar, tana fitowa da magariba, to mako ɗaya ko biyu ba tare da abinci ba bai kai abin tashin hankali ba. Idan kuwa wutsiyar ta fara zama kamar tsinke, ƙashin ƙugu ya fito, wannan ciwo ne. Ƙarama mai tasowa ita ce ba ta da wannan ajiya, kullum ya kamata ta ci, don haka ba a jira da ita.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita domin wanda yake cikin hayaniyar kasuwa: wutsiya mai kauri, akwai sauran lokaci, wutsiya siririya, a nemi likita. To me ya hana ta ci tun farko?

Likita: A wasiƙar Hajiya, zargina na farko sanyi ne. Jikin tsaka ba ya samar da ɗumin kansa, daga ƙasan da take kwance take samu, kuma da wannan ɗumi cikinta yake narkar da abinci. Gefe ɗaya na akwatin yana buƙatar digiri 30 zuwa 32 a ƙasa, ɗaya gefen kuma wajen 24 zuwa 26, domin ta zaɓi inda take so. Ɗakin da aka saita na'ura a kan 18 ya yi mata sanyi ƙwarai, sai cikinta ya tsaya, ita kuma ta ƙi abin da ba za ta iya narkarwa ba. Mutane suna cewa ai Legas akwai zafi, suna manta cewa akwatin yana kan tayil mai sanyi a ƙarƙashin na'ura. A mayar da shi ɗakin da babu na'urar, a sayi ma'aunin zafi a ajiye a ƙasan akwatin. Idan ana amfani da shimfiɗar ɗumi ta lantarki, a haɗa ta da na'urar daidaita zafi, in ba haka ba tana ƙona ciki. Idan aka ɗauke wuta a daren da aka sha ruwan sama, a zuba ruwan ɗumi a gora, a naɗe da tsumma, a jingina a jikin akwatin ta waje. Kada kuma a fitar da akwatin gilashi cikin rana, domin zafin da yake tarawa yana kashe ta cikin ɗan lokaci.

Na biyu shi ne yashi. Tana haɗiye shi wajen cafkar ƙwaro, sai ya toshe hanji. Alamarsa ita ce ciki ya kumbura kuma kashi ya ɗauke. A kwashe yashin yau, a shimfiɗa farar takarda, wadda za ta nuna ko ta yi kashi. Lafiyayyen kashinta baƙi-baƙi ne da ɗan farin abu a gefe. Ana iya zaunar da ita a ruwa mai ɗan ɗumi, wanda bai wuce cikinta ba, na minti 10 zuwa 15, mutum yana tsaye a kanta.

Mai gabatarwa: Madarar fa?

Likita: A daina. Cikinta ba ya narkar da madara ko koko, ƙwari kaɗai take ci. Buɗe baki da tsinke yana ji mata ciwo a dasashi, ruwan kuma yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Idan ta tsorata tana iya yar da wutsiyar, rumbun ya tafi a lokacin da aka fi buƙatarsa. A ba ta gyare ko ƙaramar fara mai rai da magariba, wanda girmansa bai wuce tazarar da ke tsakanin idanunta ba, a barbaɗa masa garin kalsiyam mai bitamin D3. Wanda ba ta ci ba a cire shi, domin gyare yana cizon ta idan tana barci.

Mai gabatarwa: A nan ina da magana da 'yan'uwana masu gadi. Na san wasunku suna kama kyankyasai a bayan gida ko bakin kwata su jefa mata, a gidan da ake fesa maganin sauro kowane dare. Wannan ganganci ne, kuma a ganina wanda ya karɓi amana gara ya kira maigida ya faɗa masa gaskiya tun yau, da ya ɓoye har dabbar ta mutu a hannunsa.

Likita: Haka ne, ƙwaron da ya sha feshi guba ne a gare ta, kuma a fitar da akwatin daga ɗaki kafin a yi feshi. Akwai kuma ƙin ci da ba ciwo ba. Idan launinta ya yi fari-fari, saɓa za ta yi, kuma takan cinye tsohuwar fatar ta ƙi abinci na kwana biyu. Sabon wuri ma yana sa ta ƙin ci, haka mace idan tana ɗauke da ƙwai, waɗanda sukan zama biyu ana hango su ta fatar cikinta.

Mai gabatarwa: Saura minti biyu. Yaushe za a ɗauke ta zuwa asibiti?

Likita: Idan tana amai ko gudawa mai wari, idan ido ya manne, idan baki ya kumbura da abu kamar cuku, ko muƙamuƙi ya yi laushi ƙafafu suna lanƙwashewa, wanda alamar ƙarancin kalsiyam ce. A riƙa auna ta kowane mako a ƙaramin sikeli, idan ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta kada a jira. Kada a ba ta maganin mutane ko na kaji. A tambaya tukuna ko likitan yana duba dabbobi masu rarrafe, a kuma tafi da sabon kashinta a leda mai tsabta domin a duba tsutsar ciki.

Mai gabatarwa: Wata ɗaliba daga Obalende tana tambaya ko za ta haɗa maza biyu a akwati ɗaya.

Likita: A'a, faɗa za su yi, wanda aka fi ƙarfi kuma ya daina ci.

Mai gabatarwa: Hajiya, ki rubuto mana bayan mako guda mu ji ko ta ci. Likita, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.