Mota Na Ɗaukar Zafi? Kafin a Cire Tamostat, Saurari Wannan

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi da masu mota. Yau muna Suame Magazine, unguwar makanikai nan Kumasi, kuma maganar zafin inji za mu yi. Motar da ke gabanmu tsohuwar Corolla ce, irin wadda ake taksi da ita, amma bayanin ya shafi Sprinter da Urvan na trotro, wato bas-bas na haya, da duk motar da ruwa ke sanyaya injinta.

Inji wuta yake ci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da ya ƙona, ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa ya tura shi cikin inji, ya fito ta wannan tiyo na sama ya shiga lagireto, iska ta sanyaya shi, ya koma ta tiyon ƙasa. Lafiyayyen inji yana aiki ne wajen digiri 85 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyos. Wato zafin kansa ba ciwo ba ne, wuce gona da iri ne ciwon.

In ka kawo mota ka ce tana obahitin, tambayar da ya kamata bakanike ya fara yi maka ita ce: yaushe take yi? Wanda bai tambaye ka wannan ba ya ɗauko sifana, to ka yi hattara da aljihunka.

Mu ɗauka a cunkoso take yi. Kana Kejetia ko Anloga Junction, mota na tafiya taku-taku, allurar zafi ta fara hawa, amma da hanya ta buɗe sai ta sauko. Wannan fanka za ka fara tuhuma. A guje iska da kanta take ratsa lagireto, a tsaye kuwa fanka ce kaɗai ke jawo ta. Ka bar inji ya yi zafi a tsaye ka ga ko za ta tashi. A yawancin motoci, da ka kunna na'urar sanyi fanka za ta kama. In ba ta motsa ba, fara da mai araha: fiyus, sai rile, sai suwic ɗin da ke jin zafi, kafin a ce injin fankar ne ya ƙone. Masu Sprinter, taku fankar bel ke juya ta, kuma tana da kuloci a tsakiya. Kashe inji lokacin da yake da zafi, ka juya ta da hannu. In ta yi ta walawala ba turjiya, ko ka ga mai yana tsattsafowa a jikinta, kulocin ya gama. Akwai kuma wani abu da ake yawan gani bayan an yi gyaran waya: a juya wayoyin fanka, ta riƙa tura iska gaba maimakon ta jawo ta ciki. Sa takarda a gaban lagireto. Ya kamata ta manne.

In kuwa cikin gari lafiya lau, sai ka ɗau hanyar Techiman da lodi, ko kana hawan tudun Mampong, sannan allura ta tashi, to ba fanka za ka fara tuhuma ba. Lagireto ne ya kasa, ko ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata. Dubi fuskar lagireton nan. Ƙurar hunturu ce, da ƙwari, ga har ledar fiya wata ta liƙe a gefe. A wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, don ƙarfen siririn nan lanƙwashewa yake yi. Toshewar ciki ta fi wuyar gani. Kashe inji, zare makulli, ka kula da yatsunka don fankar lantarki kan tashi da kanta, sannan ka shafa lagireto sannu a hankali. In wani wuri zafi wani wuri sanyi ƙalau, wurin sanyin nan ruwa ba ya bi. Me ya toshe shi? Ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗura masa shekara da shekaru. Irin farin dattin da ke kama gindin butar mai shayi, shi ne ke taruwa a waɗannan ƙananan hanyoyi, ga tsatsa a kai. Tsatsar nan kuma tana cin fukafukan famfon ruwa, ka ga famfo yana juyawa amma ba abin da yake turawa. Famfon yana da ɗan rami a ƙasansa. In ka ga yana ɗiga ta nan, ko kana jin gurnani daga wajen, lokacin canji ya yi. Fanbel ma a taɓa shi, kada ya yi sako-sako.

Yanzu ga inda muke samun saɓani da wasu mastoci, kuma ina girmama su, amma gaskiya ɗaya ce. Mota ta sauka daga tashar jiragen ruwa ta Tema, abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamostat a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne, nan Gana ba ma buƙata. Ga shi a hannuna, ku duba lambar da aka buga a jikinsa: 82. Wasu 88 ne. Ma'anarsa yana rufe har ruwa ya kai wannan zafi, sannan ya buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto. Da ya buɗe, ba ya hana sanyaya komai. Motocin da kamfani ke kaiwa Saudiyya ma da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma zafinmu bai kai nasu ba. In ka cire, da safe inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta yi ta ƙara fetur. Mai ya tafi, inji ya riƙa cin kansa. A wasu injunan ma tamostat ne ke rufe wata gajeruwar hanya ta cikin inji in ya buɗe. Babu shi, wani ruwan zai riƙa kewayawa a ciki bai leƙa lagireto ba, sai a yi gyaran gangar Auzinawa. Haka nan haɗa fanka kai tsaye ta yi ta gudu daga tayar da mota. Ɓoye ciwon aka yi, yana nan.

Tamostat yana lalacewa, ba musu. Alamarsa, ka tayar da mota, cikin 'yan mintoci allura ta haye sama, amma tiyon sama bai yi zafi ba. Ya maƙale a rufe ke nan. Cire shi ka jefa a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwa ya tafasa ya kamata ka ga ya buɗe baki. In bai buɗe ba, a sayo wani mai lamba iri ɗaya a mayar.

Murfin lagireto kuma, mutane sun raina shi. Ruwa a fili yana tafasa a digiri 100. Murfin nan yana riƙe matsi, ga shi an rubuta 0.9, wasu 1.1, kuma matsin ne ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Robar ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa tafasa yana zubewa, kai kana ta ƙari kowace safiya. An sha sauke lagireto a banza saboda murfi.

In ruwa yana raguwa, nemi inda yake bi. Duba bakin tiyo, da inda robar saman lagireto ta haɗu da ƙarfe, da tabarmar ƙafar gaba ko ta jiƙe. Batun fasa ƙwai ko zuba gari a lagireto don toshe yoyo, a bar shi, don har da hanyar ruwan yake toshewa. In ba ka ga ɗigo a ƙasa ba amma ruwa na ɓacewa, to zancen ya girma. Da safe inji na sanyi, buɗe murfi ka tayar. Kumfa na ta fitowa ba tsayawa? Farin hayaƙi mai kauri a salansa ko bayan inji ya yi zafi? Baƙin mai ya koma ruwan madara? Gasket ɗin da ke tsakanin kan silinda da jikin inji ya ƙone. Kuma kada a sa sabo sai an kai kan silinda an auna, don yawanci na alminiyom ne, zafi yana karkata shi.

In abin ya same ka a hanya, kashe na'urar sanyi, kunna hita har ƙarshe don ta rage wa inji zafi, ka nemi gefe ka tsaya ka kashe. Don Allah, don Annabi, kada kai ko yaron mota ku taɓa murfin nan. Ruwan yana ƙarƙashin matsi, zai yi tsiri ya sale fuska da hannu. Ba shi aƙalla minti 30, ka matsa tiyon sama da tsumma. In ya yi laushi, sannan ka murɗa murfin kaɗan-kaɗan. Kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe tsagewa yake. Wani abin lura kuma: allura ta hau ja sannan ta faɗo da kanta, kada ka ce an samu sauƙi. Wataƙila ruwan ne ya ƙare har na'urar aunawa ba ta taɓa komai.

Abin da za ka zuba, kulan ne, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, ko wanda aka riga aka haɗa. Amfaninsa a wurinmu ba maganin ƙanƙara ba ne, hana tsatsa ne da jinkirta tafasa. Koren nan na da, a canza shi duk shekara 2, kuma kada a gauraya iri biyu. Yana da zaƙi kuma guba ne, a kawar da shi daga yara da awaki. Bayan an ɗura sabo, bar murfi a buɗe, kunna hita, inji ya yi aiki har fanka ta tashi kumfa ta ƙare, don iskar da ta maƙale a ciki ita kaɗai tana iya sa mota zafi. Gobe da safe kafin ka tayar, sake dubawa ka cike abin da ya ragu.