Darasin Yau: Zaɓen Kambas na Tattaki, Sassarfa da Hawan Dutse

Assalamu alaikum jama'a masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Ga takalma uku na jera a kan tebur, na tattaki da na sassarfa da na hawan dutse, kuma tunda kowa ya san lambar da ya saba sakawa, ba zan ɓata muku lokaci da zana ƙafa a kan takarda ba. Sai dai kada ku sakankance da lambar nan, domin tazarar da ke tsakanin 42 da 43 a awon Turai kashi biyu cikin uku na santimita ce kawai, kuma kowane kamfani da irin faɗin da yake yanka nasa, har ma za ku ga takalmi guda an rubuta masa 8 a awon Ingila da 9 a awon Amurka. Ku ɗaga harshen takalmin ku duba inda aka rubuta tsawonsa da santimita, wannan ya fi zama abin dogaro.

Gwaji kuwa a yi shi bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta sha zirga-zirga ta ɗan kumbura, da irin safar da za a riƙa sakawa, a tsaye, kuma ƙafa biyu, saboda yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗayar. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin. Wanda ya raina wannan sarari zai gane amfaninsa ranar da yake gangarowa daga tudu, yatsu suna dukan gaba har farce ya tara jini ya yi baƙi.

Ku dubi hannuna. Idan na lanƙwasa takalmin, ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu, inda ƙafa take lanƙwasawa da kanta. Wanda ya naɗe daga tsakiya ba zai tallafi tafin ƙafa ba. Sannan na murɗa shi, ya ɗan ba da kai amma ya yi gardama. Daga nan na matse bayan dunduniya, in ya lotsa da sauƙi, na mayar wa mai shi kayansa.

Ni ban ƙi gwanjo ba, a Kofar Wambai ana dacewa da kambas mai inganci da ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce masu saye suna kallon sama da sunan kamfani, alhali ran takalmi yana cikin farin soson nan da ke tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa. Shi ne yake shanye dukan kwalta, kuma yana mutuwa tun saman bai yage ba. Abin da aka fi ba da shawara shi ne a canza takalmin gudu bayan kilomita 500 zuwa 800, wato mai yin kilomita 5 sau biyar a mako zai cinye shi cikin wata biyar zuwa bakwai. Saboda haka idan kun ga soson ya yi tamoji a gefe, ko kun ajiye takalmin a kan daɓe ya karkace gefe guda, to mai shi na farko ya riga ya ci moriyarsa, kuma karkatar tafiyarsa za ku gada a gwiwarku.

Game da hawa, mai zuwa Dala ko Goron Dutse da safe kambas ɗinsa na tattaki ya wadatar. Amma dutsen Kufena a Zariya ko duwatsun Shere kusa da Jos suna son irin wannan na ukun, mai roba mai kama dutse da haƙora masu zurfi, musamman da damina da dutse ke santsi. Takalmin da ruwa ba ya shigarsa kuwa ba na sha'awarsa a zafin Maris da Afrilu, gumi yake tarawa, gumi kuma shi ke kawo bororo. Na fi son mai saƙar raga da safar da ba zallar auduga ba. 

Yanzu ga inda nake so a natsu, wato ramin igiyar takalmi na ƙarshe da ke can sama wanda kusan kowa yake bari fanko. Ku ɗaure igiya yadda kuka saba har zuwa rami na biyun ƙarshe. Sai a ɗauki igiyar dama a tsallaka da ita hagu... a'a, ku dakata, ba a tsallakawa tukuna. Igiyar dama za ta shiga ramin ƙarshe na ɓangaren dama, daga waje zuwa ciki, a bar ɗan zobe kada a ja shi ya shige, sannan a yi wa hagu haka. Yanzu ne ake tsallakawa: ta dama ta ratsa zoben hagu, ta hagu ta ratsa zoben dama. Wajen ja kuma, ƙasa ake fara ja sai zobban sun kwanta, kafin a ɗago a ƙulla, domin idan aka ja sama kai tsaye wuyan ƙafa kawai za a shaƙe. Wannan ɗaurin yana riƙe dunduniya a mazauninta, ba ta gogar baya, ƙafa kuma ba ta zamewa gaba a gangara. Idan igiyar ta gaza, a sayi mai tsawo.

Mai ciwon suga ya zura hannu ciki ya laluba ko akwai ɗinkin da ya taso ko tsakuwa kafin kowace sakawa, tunda ƙafarsa ba lallai ta ji ciwo da wuri ba. Bayan wanki a zare shimfiɗar ciki a shanya a inuwa, saboda zafin rana yana sakin gam, kuma da zarar baki ya fara ɗagowa a kai wa mai gyaran takalmi ya bi shi da zare tun bai buɗe ba.