Amsoshin Tambayoyinku: Cocin Katolika a Ƙasar Sudan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu huɗu ne a gabana yau, kuma duk sun taru a kan abu guda, wato maƙwabtanmu mabiya ɗarikar Katolika a nan Sudan. Na ji daɗin hakan ƙwarai. Mutane ne da muke cin kasuwa ɗaya, muke layin burodi tare, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda gidansu yake a tsare.

Ta farko daga wani dattijo ce a Maiurno. Ya ce: "Na ji ana cewa tun da Kudu ta ɓalle, Kiristoci duk sun tattara sun tafi. Shin akwai sauran 'yan Katolika a ƙasar nan? In akwai, wa ke jagorantarsu?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Suna nan. Gaskiya ne da Sudan ta Kudu ta samu 'yancinta ranar 9 ga Yuli, 2011, mafi yawansu sun faɗa wancan ɓangaren, kuma dubban 'yan Kudu da suka daɗe a Khartoum sun ɗaure kaya sun koma gida. Amma ba a share wurin ba. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne kimanin mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan tsaunukan Nuba da 'yan Kudun da suka zauna.

Tsarinsu kuwa, Baba, ka ɗauke shi kamar sarautar gargajiya. Akwai yanki babba da suke kira dayosis, bishop ne a kansa, kamar hakimi da gundumarsa. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan yankuna, kowanne da cocinsa da limaminsa, wanda suke kira fada. Bishop ba gadon gida yake yi ba, ba kuma zaɓensa jama'a suke yi ba, Fafaroma ne ke naɗa shi daga Rum. Kafin rabuwa dayosis tara ne a ƙasar. Bakwai suka tafi da Kudu: Juba, Wau, Malakal, Rumbek, Torit, Yei da Tombura-Yambio. Biyu kacal suka rage mana. Babbar ita ce ta Khartoum, wadda ta haɗa da arewa da gabas da tsakiya, har Port Sudan, Kassala, Gadarif, Sinnar da Damazin. Ka ga ke nan Maiurno ma cikin taswirarta take. Babban bishop ɗinta tun 2016 shi ne Michael Didi Adgum Mangoria, wanda ya gaji Kadinal Gabriel Zubeir Wako. Ta biyu ita ce ta Al-Ubayyid, mai riƙe da Kordofan da Darfur baki ɗaya, kuma tun 2017 Bishop Yunan Tombe Trille ne a kanta. Su biyun duka 'yan tsaunukan Nuba ne, ba baƙi ba ne daga Turai. Wani abin da ya burge ni shi ne, ƙasa ta rabu amma majalisar bishop-bishop ɗin ba ta rabu ba. Har yau na Sudan da na Sudan ta Kudu inuwa ɗaya suke zama.

Wasiƙa ta biyu daga wata 'yar'uwa ce a Gadarif. Ta ce ɗanta ya yi karatu a makarantar Comboni a Khartoum, kuma ta daɗe tana son sanin ko Comboni sunan gari ne ko na mutum.

Hajiya, sunan mutum ne, kuma labarinsa yana da tsawo, sai ki gyara zama. A 1846 Fafaroma Gregory na 16 ya kafa wani yanki na mishan da ya kira na Afirka ta Tsakiya, cibiyarsa Khartoum, kuma masu mishan na farko sun iso garin a 1848. Zazzaɓi ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Daniel Comboni, ɗan Italiya da aka haifa a 1831, ya shigo cikin wannan hali yana saurayi, ya ga yadda abokan tafiyarsa suke mutuwa a bakin kogin Nilu, shi ma ciwo ya mayar da shi gida. A 1864 ya rubuta wani shiri wanda jigonsa shi ne a ceci Afirka da hannun 'yan Afirka, wato a koyar da 'yan ƙasa su zama malamai da masu sana'a da limamai, maimakon a dogara da Turawan da yanayin ke kashewa. Ya kafa ƙungiyarsa a garin Verona a 1867, aka naɗa shi bishop a 1877. Ya buɗe mishan a Al-Ubayyid da Dilling, kuma ya yi ta faɗa da cinikin bayi, yana fanso yara yana sa su makaranta. Ya rasu a Khartoum ranar 10 ga Oktoba, 1881, yana da shekara 50.

A wannan shekarar ce Mahadi ya tashi. Al-Ubayyid ta faɗa hannun mayaƙansa a 1883, Khartoum a 1885, aka rushe mishan, aka tsare wasu fada-fada da sistoci, wato matan da suka keɓe kansu ga hidimar coci, a Omdurman shekaru da dama. Sai bayan 1898 suka dawo suka sake aza harsashi. Babban cocin Saint Matthew, wanda duk mai bin titin bakin Nilu ya san hasumiyarsa, an kammala shi a 1908. Kwalejin Comboni kuma, inda ɗanki ya yi karatu, an buɗe ta a 1929, kuma kafin yaƙin 2023 ɗalibanta da yawa Musulmi ne, iyaye suna kai 'ya'yansu don ingancin karatu. Ni kaina na sha tsayawa a ƙofarta lokacin tashi, in ga uwa mai lulluɓi da tob da uwa mai gicciye a wuya suna jiran yara a inuwar bishiya ɗaya, suna shan shayin mai shayi ɗaya, suna kukan tsadar litattafai.

Kafin mu wuce, Hajiya, ki riƙe sunan wata mace. Josephine Bakhita 'yar Darfur ce, an sace ta tana ƙarama, aka yi ta sayar da ita a kasuwannin Al-Ubayyid da Khartoum, har azaba ta mantar da ita sunan da iyayenta suka raɗa mata. Masu satar ne suka sa mata Bakhita, wai mai sa'a. Daga baya ta tafi Italiya, ta samu 'yancinta, ta zama sista, ta rasu a 1947. A shekarar 2000 cocin ta sa ta cikin waliyyanta, Comboni kuma a 2003. Duk inda kika ga coci ko makaranta mai sunan Bakhita, ita ake nufi.

Ta uku gajeriya ce, daga wani matashi a Port Sudan: "Me ya sa wasu Kiristoci ke Kirsimeti a Disamba, wasu a Janairu?"

Ɗan'uwa, ɗarika ce ta bambanta. Katolika suna yi ranar 25 ga Disamba. Kibɗawa, waɗanda shugabancinsu ke Masar, da 'yan cocin Habasha da Eritiriya, suna yi ranar 7 ga Janairu saboda tsohuwar kalandar da suke bi. Kiristancin daulolin Nubiya na dā, irin su Dongola da Soba, da cocin Masar yake haɗe, ba da Rum ba.

Ta ƙarshe ta fi taɓa min zuciya. Wani malamin makaranta ne da ya yi gudun hijira daga Khartoum zuwa Kassala. Ya ce maƙwabcinsa a unguwar Haj Yusuf ɗan Katolika ne, tun da yaƙi ya raba su bai sake jin ɗuriyarsa ba, yana tambayar halin da cocinsu ke ciki.

Malam, Allah ya sada ku da alheri. Cocin nan ta saba da rayuwar gudun hijira. A 1964 gwamnatin Janar Abbud ta kori masu mishan 'yan ƙasashen waje daga Kudu, abin da ya tilasta 'yan ƙasa suka karɓi ragama. Da yaƙin basasa ya sake ɓarkewa a 1983, 'yan Kudu da 'yan Nuba suka kwararo bayan garin Khartoum, cocin ta bi su da rumfunan kara da buhu. Rumfa ɗaya ce aji da safe, wurin ibada da yamma, tunda Lahadi ranar aiki ce a nan. Waɗannan mutanen ne suka cika fili lokacin da Fafaroma John Paul na biyu ya zo Khartoum ranar 10 ga Fabrairu, 1993.

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu, 2023 kuwa bai tambayi kowa addininsa ba. Yadda masallatai suka ji jiki haka coci-coci suka ji. Makarantu sun rufe, an kwashe kayan wasu gine-gine, masu mishan da yawa sun fice, babban bishop ya koma Port Sudan da aiki. Bishop na Al-Ubayyid ya zauna da jama'arsa cikin garin duk da ruwan harsasai. Mu da kakanninmu suka baro Burmi ta arewacin Najeriya a 1903 da ƙafa, suka zo suka sami masauki a bakin wannan kogi, mun san ɗacin barin gida, Malam, ba sai an ba mu labari ba.

Shawarata ita ce ka je cocin Katolika da ke nan Kassala, ka nemi ganin fada ko katikis, wato malamin da ke koyar da addini a unguwa. Ka ba su sunan maƙwabcinka da ƙabilarsa da cocin da yake zuwa a Haj Yusuf. Limamansu suna da hanyar jin labarin juna daga gari zuwa gari, har zuwa Kosti da Juba. In ka samu labari, don Allah ka rubuto mana.

Lokaci ya cim mana. Akwai wasiƙar wani manomi daga Damazin a kan kuɗin ruwan noma, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.